Yadda Ake Ɗinka Jakar Fata Don Adana Gatarin Aradu da Burbushin Halittu a Laimar Legas

A gidanmu na Agege akwai wani baƙin dutse mai santsi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bakinsa a wase kamar na gatari. Kakata ce ta tsince shi a gona can ƙasar Zazzau bayan wani ruwa mai tsawa, ta ajiye shi a gindin tukunya shekara da shekaru tana kiransa gatarin aradu. Maƙwabtanmu Yarbawa da suka gan shi sun ce a wurinsu sunansa edun ara, kuma suna danganta shi da Sango, abin bautarsu na tsawa. Masu binciken kayan tarihi kuwa sun tabbatar cewa mutanen da ne suka wasa irin waɗannan duwatsu da hannunsu, suna sare itace da su tun kafin ƙarfe ya wadata, kuma abin da ya sa ake yawan tsintarsu bayan hadari shi ne ruwa yana zaizaye ƙasar da ta binne su. Neman mazaunin da ya dace da wannan dutse ne ya kai ni wurin wani tsohon baduku a unguwarmu, daga nan dukanci da tara duwatsu suka zame mini abu guda. Jakar da zan bayyana a nan naɗaɗɗiya ce mai aljihu huɗu ko biyar, tare da kube na musamman don gatarin, kuma an tsara kowane mataki nata ne da tunanin laimar wannan gari, wadda ita ce babbar abokiyar gabar fata da dutse baki ɗaya.

Kafin a taɓa wuƙa, sai a fara sanin abin da za a zuba a jakar da kuma hanyar da ya zo hannu. Ƙasar Legas rairayi ce da laka ta bakin teku, kuma tsakuwar da ake gini da ita daga wasu jihohi ake kawo ta, saboda haka da wuya mutum ya tsinci makamin dutse ko burbushin halitta, wato katantanwa ko ƙashin da ya zama dutse, a cikin gari. Abin da ke hannun mutanenmu a nan galibi gado ne da aka taho da shi daga Arewa, ko tsintuwa a gona lokacin da aka je gida. A kan makaman dutse akwai doka, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauke ta da muhimmanci. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta taƙaita saye da sayar da su, ta kuma hana fitar da su waje sai da takardar hukumar. Gatarin aradu da sauran abin da hannun mutanen da ya sassaƙa suna cikin wannan rukuni. Don haka kada a yi haƙa, kada kuma a saya daga hannun mai talla, domin kuɗin masu saye ne ya sa aka yi ta farfasa wuraren tarihi na ƙasar Nok, a jihar Kaduna, ana kwashe abin da ke ciki. Wanda ya gaji wani abu, ko ya tsince shi a fili, ya kai shi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ya nuna wa ma'aikata su duba shi su gaya masa abin da ya kamata.

Gane makami na gaskiya yana buƙatar ido da haske mai kyau. Wasasshen gatari yakan kasance gefensa biyu sun daidaita, bakinsa ya fi sauran jikinsa santsi, kuma idan aka karkata shi a hasken rana za a ga siraran layuka na wasawa duk sun nufi gefe guda. Wanda aka fasa aka fiƙe, kamar ƙananan duwatsun ƙanƙara irin waɗanda mai binciken kayan tarihi Thurstan Shaw ya samu a kogon Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, ko manyan makaman hannu na Mai Idon Toro a tsaunukan Jos, alamarsa daban ce: akwai ɗan fili inda aka daki dutsen, a ƙarƙashinsa akwai ƙullutu, daga ƙullutun kuma wasu zobba suna bazuwa kamar yadda ruwa yake yi idan an jefa masa tsakuwa, sannan a baki akwai ƙananan ɓantarori a jere waɗanda aka yi da gangan. Tsakuwar injin niƙa ma tana fashewa da kaifi, amma ba ta da wannan tsari.

Burbushin halittu, wato katantanwa da ƙashi da haƙori da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, sun fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. A Ewekoro, kan hanyar Abeokuta, dutsen da ake haƙowa don yin siminti cike yake da siffar katantanwa da ƙumba na wani teku da ya rufe wurin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A Ashaka ta jihar Gombe ana samun amonayit, wasu halittun teku masu naɗi kamar ƙahon rago, da suka haura shekara miliyan 90. A ƙasar Sakkwato kuwa, inda yau ake kukan ƙarancin ruwa, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Sai dai ramin haƙar dutse wuri ne na kamfani, ana fasa dutse da nakiya a cikinsa, kuma ba a shiga sai da izini da rakiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi bin ɗaliban ilimin ƙasa na jami'a idan za su ziyarar karatu. Idan kuma abin da aka gani ƙashi ne babba ko jerin ƙasusuwa a cikin dutse, a ɗauki hoto a bar shi inda yake, a sanar da masana.

Tun ran gini ran zane. Duk dutsen da ya shigo hannu a ba shi lamba a ranar, a rubuta a littafi inda aka same shi, da kwanan wata, da wanda ya tsinta, da ko a sarari yake ko a cikin wani gefen rami, a ƙara da lambobin wurin da waya take nunawa a taswira, a ɗauki hotonsa da rula a gefensa. Na fi son fensir a kan biro, domin tawada tana narkewa idan takarda ta sha laima. Gatarin kakata, da a ce ba ta gaya mini sunan ƙauyen da gonar ba kafin ta rasu, da rabin darajarsa ta tafi tare da ita. Wajen tsabtacewa a taƙaita: tsohon buroshin haƙori a bushe da tsinken sakace sun isa. Dutse mai tauri zai jure ruwa zalla, amma wanda ya fito daga laka ko yumɓu zai ruguje idan ya jiƙe. Kada a shafa wa kowane dutse mai ko man goge takalmi don ya yi ƙyalli, kada kuma a wanke katantanwa da ruwan tsami ko lemon tsami, domin tsami yana cinye dutsen siminti.

Yanzu sai fata. A Legas kasuwarta tana Mushin, kuma wanda ya shiga ba da sani ba zai iya fitowa da roba a matsayin fata. A juya bayan abin da aka miƙo: idan akwai saƙar yadi a manne, roba ce, fata ta gaskiya bayanta gashi-gashi ne, tana kuma da warinta. Bayan wannan akwai bambancin jima, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga aikinmu. Fatar jimar kamfani, wadda ake yi da sinadarin kurom, idan aka yanki bakinta za a ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ba ta shan ruwa sosai, kuma ba ta riƙe siffa. Fatar jimar bagaruwa, irin wadda majemanmu na Kano da Sakkwato suke yi tun kaka da kakanni, cikinta ruwan ƙasa ne, idan aka ɗiga mata ruwa wurin yakan yi duhu nan take, idan kuma aka lanƙwasa ta tana jiƙe ta bushe a haka, to, ta zauna ke nan. Ita ake so. A nemi ɗan ƙyalle a gwada a gaban mai shago, kuma idan ba a samu mai kyau ba a yi saƙo wurin dukawan Agege ko Idi-Araba, waɗanda ake kawo musu daga gida. Don bangon jakar a sayi fatar sa mai kaurin milimita 2, don aljihuna kuma fatar akuya mai kusan milimita 1. Ta jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayari yake bi da ita, ta fi kowace laushi da ƙarko. A ɗaga ta a haske a duba ramukan wuƙar fiɗa, a shinshina, a guji mai warin ruɓa ko mai fararen ɗigo. Araha ba ta ado.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, rular ƙarfe, basilla, allura biyu masu dakusasshen baki, zare mai ƙarfi, kakin zuma, gam, guduma, samfefa mai laushi, kwali, katako mai faɗi da za a yi yanka a kai, da farin yadin auduga da aka wanke sau biyu aka ɗauraye sitacinsa.

A fara da kwali. A jera duwatsun a kan tebur, kowanne a naɗe da yadinsa, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, a auna. Ga duwatsu biyar da ba su wuce tafin hannu ba, bango mai tsawon santimita 45 da faɗin 30 yakan isa. A yanka samfur na kwali, a naɗe shi da duwatsun a ciki a ga ko zai rufu, domin kuskuren kwali ba ya cin kuɗi. Sannan a shimfiɗa fatar, a ɗora samfurin yadda tsawonsa zai bi layin gadon baya, domin fatar ciki da ta hammata sako-sako ce, tana miƙewa. A zana da bakin basilla, ban da biro. Wajen yanka a danne rula sosai, a ja wuƙar sau biyu ko uku a hankali maimakon a nemi gamawa da ja ɗaya, kuma yatsun hannun hagu su kasance bayan wuƙa koyaushe. Daga fatar akuya a yanka dogon yanki na aljihuna mai tsayin santimita 13, tsawonsa kuma ya fi na bango da kusan rabi, saboda kowane aljihu yana buƙatar ciki. Sai wani yanki na marfi da zai sauko daga sama ya rufe bakin aljihunan, da igiya mai faɗin yatsa ɗaya da tsawon kamu huɗu.

Shafi na yadi shi ne matakin da masu koyo suke tsallakewa, kuma a kansa na yi asara. Jakata ta farko ba ta da shafi. Na shafe ta da man gyaɗa har ta yi laushi, na zuba katantanwa uku da wani ɗalibi ya ba ni daga Ewekoro, na kulle a akwati a watan Yuni. Da na buɗe bayan mako biyar, fumfuna fara da kore ta rufe fatar kamar auduga, man ya ratsa katantanwar ya bar tabo mai duhu wanda har yau bai fita ba, ɗaya kuma ta fara yin gari a gefe. Na kai wa tsohon nan da ya koya mini, ya juya jakar a hannunsa, ya shinshina.

"Baba, ina na yi kuskure?" na tambaye shi.

Ya ce, "Ɗana, man da za ka ba fata a Kano, rabinsa ma ya yi mata yawa a Ikko. Can iska ce take shanye shi, nan kuwa ba mai sha sai fumfuna."

Bayan maganar mai, akwai ta tsami: fatar bagaruwa tana da ɗan tsami a jikinta, kuma idan ta yi laima tana manne da dutsen siminti, sannu a hankali za ta ci shi. Haka nan dutse mai ƙarfe a jiki yakan baƙanta fatar, domin haɗuwar tsatsa da bagaruwa ita ce take ba dukawa baƙin rininsu. Saboda haka kowane dutse a ɗinka masa 'yar jakar auduga mai ninki biyu, a sa takardar lambarsa a ciki, sannan a shafe cikin aljihunan fatar da yadi, ana manna shi da gam kaɗan a bakin kawai inda ɗinki zai bi. A bar gam ɗin ya sha iska kwana biyu har warinsa ya tafi kafin dutse ya shiga.

Ɗinkin da ya dace shi ne na allura biyu. A ja layi da basilla nisan milimita 4 daga baki, a sa alamar huji kowane milimita 4, a manna yankunan da gam siriri, a daddanna da guduma. A fara da layukan tsaye da suke raba aljihuna, ana tura fatar akuyar ta yi tudu daidai girman dutsen da zai zauna a wurin, sannan a kalmashe rarar a ƙasa a bi da ɗinkin gindi. A huda da basilla a kan katako, ana riƙe ta a tsaye cak, domin hujin da ya karkace zai fito a bayan jaka a karkace. A yanko zare ninki huɗu na tsawon layin, a ja shi a kan kakin zuma sau uku, a sa allura a kowane ƙarshe. A zura ta farko a raba zaren biyu daidai. Daga nan kowane huji allura biyu ne za su ratsa shi, ta dama ta fara, ta hagu ta biyo ta bayan zaren farko ba tare da ta tsaga shi ba, a ja duka biyu da ƙarfi ɗaya. Sirrin layi mai kyau shi ne kada a sauya wannan tsari ko sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Amfanin wannan ɗinki a kan na keke shi ne ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe da aikin. A ƙarshen layi a koma baya huji uku, a yanke zaren, kuma a bakin kowane aljihu a ninka ɗinkin, tunda nan ne yake shan wahala. Idan an gama a bi layin da guduma a hankali ya kwanta, a goge bakin fatar sa da samfefa, a ɗan jiƙa shi, a murje da guntun katako mai santsi har ya yi sheƙi, a bi da kaki.

Kuben gatarin aikinsa daban ne, kuma shi ne ya fi daɗin yi. A yanka fatar bagaruwa biyu da suka fi gatarin da yatsa biyu ta kowane gefe. A tsoma ta sama a ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu zai jure ba tare da damuwa ba, har kumfa ta daina fita, a tsame ta a naɗe a tsumma na kusan rabin awa. A naɗe gatarin da yadinsa, a rufe da leda ninki biyu, a ɗora shi a kan katako, a lulluɓa jiƙaƙƙiyar fatar, a riƙa bin gefensa da babban yatsa da bayan cokali har siffarsa ta fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ita ma. Minti 20 na farko su ne na aiki. A danne gefunan da ƙananan katako, ban da ƙusa ko wani ƙarfe, domin zai bar baƙin tabo. Wannan dabara ta dutse mai tauri ce kaɗai. Burbushin halitta ba ya jure danni, sai a sassaƙa katako mai girmansa a yi amfani da shi a madadinsa. A shanya a inuwa gaban fanka, a cire gatarin bayan awa uku ko huɗu don kada laima ta kai gare shi, a bar fatar ta ƙarasa bushewa kwana biyu, da damina ma uku. Rana tana sa ta ƙage ta tsage. Idan ta bushe a ɗinka ta da ta ƙasa, a bar gindi a buɗe da ɗan marfi, a rage rarar baki.

Wanda yake son launi ya rina bayan jakar kaɗai, kuma kafin ɗinki: karan dafi yana ba da ja, gangamau rawaya, ruwan tsatsa baƙi. Ni dai na fi son a bar fatar bagaruwa da launinta, domin hannu da shekaru suna mayar da ita ruwan zuma. Wajen mai, ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, a narka shi da kaki, a shafa a waje da tsumma, a goge rarar washegari. Sau ɗaya a shekara ya isa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba ko Janairu, sa'ad da ɗan hunturun da yake isowa Legas ya busar da iska.

Ajiya ita ce matakin da ba ya ƙarewa. Kada a jingina jakar da bango, kada a ajiye ta a ƙasa ko ƙarƙashin gado, kada kuma a ƙulle ta a leda. A sa ta a kan kanta mai tsayi inda iska take wucewa, ko a cikin roba mai marfi tare da ƙananan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi. Waɗannan sukan ƙoshi da laima, sai a riƙa busar da su a tanda ana mayarwa. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, a warware jakar kowane mako, a fito da duwatsun a duba. Idan fumfuna ta fara, a fita da jakar waje a kaɗe da buroshi, a goge da tsumma da aka ɗan jiƙa da sifirit da ruwa rabi da rabi, a shanya a inuwa kwana ɗaya, a wanke jakunkunan audugar. Burbushin da yake da ɗigo masu ƙyallin zinariya a jikinsa a ware shi daban, domin wannan ma'adini yana ruɓewa a laima. Da zarar an ga farin gari ko rawaya a kansa, ko aka ji warin farar wuta, a cire shi daga jakar fata gaba ɗaya, a sa shi a kwalba mai marfi shi kaɗai da silika mai yawa, a rubuta ranar a littafi kusa da lambarsa.